Baƙon Sarkin Jima

A zamanin Sarki Cindo, sa'ad da Birnin Kabarga yake da ƙofofi bakwai da ganuwar da mutum uku ke jerawa a kanta, an yi wani dattijo mai suna Nomau, shi ne Sarkin Jima. Sarauta ce ta gado, da rawaninta da mazauninta a fada, amma sarauta ce da ba a yi wa guɗa. Gidansa yana bayan Ƙofar Yamma, bakin rafin da majema ke wanke fatu, inda wari ke korar ko da kare mai zuciya. Manyan fada sukan taka takalmin da hannunsa ya jeme fatarsa, su zauna a kan buzun da ya fito daga kwatarniyarsa, amma in ya shigo majalisa sai hannayen riguna su tashi zuwa hanci. Nomau bai taɓa nuna ya gani ba. Shi ma yana da nasa ra'ayin a kansu. Shekara arba'in yana jima, ya san sau da yawa fatar da ta fi kyan gashi ita ke ɓoye ruɓa.

Wata safiya a ƙarshen damina ya sauka rafi, sai ya iske mutum kwance a cikin ciyawa, ƙuda sun rufe masa hannun dama. An sare masa yatsu huɗu, babban yatsa kaɗai aka bari. A bayansa kuma ga sababbin tabban bulala. Nomau ya dubi askar da ke fuskarsa, ya ga zube uku a kowane kunci, askar Gumbarawa, abokan gaban Kabarga tun kaka da kakanni.

Ya ce, "Bawan Allah, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Mutumin ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Hannun, mutanenmu ne. Bayan kuwa, naku ne. Jiya na roƙi ruwa a ƙofar wani babban gida mai dawakai da yawa, maigidan ya leƙo ya ga fuskata, ya ce a shayar da ni da bulala."

Nomau ya gane gidan. Na Madawaki Jatau ne. Bai ƙara tambaya ba, ya saɓi mutumin a kafaɗa ya kai shi gida.

Matarsa Tabawa ta ga askar, ta dafe ƙirji ta ce, "Maigida, Bagumbare ne fa! Kana so a ƙone mana gida?"

Ya ce, "Ɗora ruwa, ki daka bagaruwa. Wanda zai ƙone gidan nan sai ya fara jure warinsa, ban kuwa ga mai wannan jarumtaka a fada ba."

Ta wanke ciwon tana mita, ta barbaɗa garin bagaruwa tana mita, ta dama masa kunu tana mita, amma ita ce kuma ta hana kowa tashinsa daga barci. Bayan kwana ashirin baƙon ya miƙe. Ya ce sunansa Barmo, bai faɗi sana'arsa ba, Nomau kuma bai tone ba. Abin da ya lura da shi kawai, duk fatar da aka shanya, sai Barmo ya ƙwanƙwasa ta da babban yatsansa ya kasa kunne, kamar mai sauraren gaisuwa.

Ana nan sai manzon Sarkin Gumbara ya iso. Aka tara majalisa. Sarki Cindo ya zauna a kan karaga, Galadima Tagwai a damansa, tsoho mai ƙarancin magana, Madawaki Jatau a hagunsa. Shi Madawakin nan ƙato ne, layu sun yi masa yawa har ba ya iya sauke hannuwansa sosai, yana da maroƙa goma sha biyu da ke kiransa Gobara Mai Cin Jeji. Yaƙin da ya taɓa yi kuwa bai wuce kora shanun ƙauyawa ba bayan mazan sun tafi gona.

Manzo ya tsaya bai durƙusa ba, ya ce, "Ubangijina Na-Allah Mai Taɓarya, Sarkin Gumbara, wanda ya ci gari goma sha biyu kafin furfura ta fito masa, yana gaishe ka gaisuwar babba ga ƙarami. Ya ce ƙofar fadarsa ta tsufa, ya kuwa ji labarin ƙyauren Ƙofar Gabas taku, na itacen ƙirya mai lulluɓin ƙarfe. A ciro a kai masa, 'ya'yan Sarki su ɗauko shi a kai. In kun ga nauyi, shi zai zo ya cira da kansa."

Da aka fitar da manzo, Galadima ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ba za a ba da ƙyaure ba, amma kuma ba za a fita fili ba. Rumbunanmu cike suke, rijiyoyinmu na cikin birni. Mu rufe ƙofofi, yunwa ta yi mana yaƙin."

Madawaki ya tuntsire da dariya ya ce, "Zaki, ka ji shawarar kunkuru! Galadima ya tsufa, jininsa ya koma ruwan kanwa. Ni Jatau, in na bar Bagumbare ɗaya ya koma gida da ƙafafunsa, a sa mini zane a ba ni tsintsiya. Amma kafin mu yi maganar abokan gaba na waje, a tambayi wancan mai warin da ke bakin ƙofa, wane ne yake kiwo a gidansa?"

Duk idanu suka koma kan Nomau. Ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne. Na tsince shi a bakin rafi ba yatsu, na ba shi abin da ake ba mutum."

Madawaki ya ce, "Mutum? Ɗan leƙen asiri dai! Ka ga abin da ke faruwa in aka naɗa wa mai kwasar kashin kaji rawani. Juji ai dole ya tara ƙuda."

Fadawa suka yi dariya, har da waɗanda ba su ji abin da aka ce ba. Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Sarkin Jima, ka kore shi yau, ko kuwa wuyanka ya tsaya masa. In aka kama shi da ha'inci, takobi ɗaya zai raba ku da kawunanku."

Nomau ya tuna Tabawa da jikokinsa. Amma da ya ɗaga kai ya ga murmushin Madawaki, sai ya ji bakinsa ya ce, "Zaki, wuyana ya tsaya masa."

Bayan kwana tara Gumbarawa suka iso, suka yi sansani a tudun da ke bayan fadamar gabas. Majema suka kwaso kayansu suka shigo birni, Nomau da iyalinsa da baƙonsa suka sauka a wani gida kusa da Ƙofar Yamma. A ranar ne ungulaye suka bar mahauta baki ɗaya, suka koma kan itatuwan fadama suka jeru. Mai duban fada ya zana ƙasa ya ce bushara ce, gawarwakin abokan gaba suke jira. Aka ba shi riga. Nomau ya ce a ransa, ungulu ba ta tambayar gawa garin su.

A ranar kuma Barmo ya zo masa ya ce, "Sarkin Jima, ina roƙon abu biyu. Babban turmin uwargida, da fatar baƙin bijimin nan da ka shanya."

"Me za ka yi da su?"

"Wataƙila ba komai. Wataƙila kuma abin da zai hana a yanka ka saboda ni."

Tabawa ta ce ita ba ta taɓa ganin baƙon da ya ci tuwo sa'an nan ya nemi turmin ba, amma ta bayar. Barmo ya huda gindin turmin, ya jiƙa fatar, ya sa Nomau ya ɗaure ta a baki da tsirkiya, yana ƙwanƙwasawa yana cewa a ƙara ja nan, a sassauta can. Suka bar shi a rana kwana uku.

A rana ta huɗu da hantsi sai aka ji tambarin Gumbara yana tashi daga tudu. Masu tsaron ganuwa suka hango ana naɗe bukkoki, ana ɗora kaya, runduna tana ja da baya daga bakin fadama. Birni ya ɗauki sowa. Barmo kuwa yana tsakar gida ya karkata kai yana saurare, fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Sarkin Jima, yau zan gaya maka ko ni wane ne. Shekara ashirin da biyu ni ne Sarkin Tambarin Gumbara. Ranar da Na-Allah ya yanka ƙanensa ya ce in buga kiɗan murna, na ce hannuna ba zai iya ba. Ya ce to, hannun ba shi da amfani. Wannan kiɗan da kake ji ni na koya wa mai buga shi. Ba kiɗan komawa gida ba ne. Cewa yake, ku ja su cikin laka, maharba su kwanta a cikin ciyawa. Duk dokin da ya shiga fadamar nan ba zai fito ba."

Nomau ya ruga fada, rawaninsa na warwarewa. Ya iske Madawaki ya riga ya sa sulke, yana neman izinin bin sawu. Ya faɗi gaban Sarki ya zayyana abin da ya ji.

Madawaki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ji ko? Abokan gaba na gudu, ɗan leƙen asirinsu ya aiko bawansa ya ce kada a bi su. Wai yau majemi ne zai koya wa Madawaki yaƙi! Kai tsoho, ka taɓa hawa wani abu da ya fi jaki tsawo? Koma ka ji da fatun akuya, ka bar maza su yi aikin maza."

Galadima ya ce, "Zaki, ruwa ba ya tsami banza. Rundunar da ba a taɓa ba, ba ta yi yunwa ba, me zai kore ta a kwana huɗu?"

Madawaki ya bugi ƙirji ya ce, "Sunana!"

Sarki Cindo mutum ne mai son a ce ya yi nasara, kuma sowar da ake yi a waje ta shiga kunnensa. Ya ce, "Madawaki, ka fita. Sarkin Jima, ka koma gida ka jira. In Madawaki ya dawo za mu yi maganar wuyanka."

Aka buɗe Ƙofar Gabas, dawaki ɗari takwas suka fita, maroƙa na gaba suna zuga. Nomau bai tsaya kallo ba. Ya koma gida ya iske Barmo ya riga ya ɗora turmin a kan jaki.

Barmo ya ce, "Akwai hanyar da za ta kai mu bayan tudunsu ba a gan mu ba?"

"Kwazazzabon rafinmu yana zagayawa har can. Ba mai binsa sai majema."

"To, mu tafi. Amma ka sani, in aka kama mu, a kan tsini za a zaunar da mu."

Nomau ya ce, "A nan takobi, a can tsini. Gara dai in mutu ina tafiya."

Mai gadin Ƙofar Yamma ya toshe hanci ya buɗe musu ƙaramar ƙofa bai ko dubi kayan ba. Suka bi kwazazzabo, ruwa iya gwiwa, suna jan jaki. Tun kafin su kai suka fara jin abin da ke faruwa a fadama: haniniyar dawakai da suka nutse har ciki, da shewar maharba, da ihun mutanen Kabarga. Nomau ya san da yawa daga cikin masu ihun. Shi ya jeme fatun garkuwoyinsu.

Rana ta take tsaka sa'ad da suka hau bayan tudun. Suka sauke turmin a tsakanin duwatsu biyu. Barmo ya miƙa dungulmin hannunsa ya ce, "Ɗaure mini makaɗin, ka ja da ƙarfi, kada ka ji tausayi." Nomau ya ɗaure da igiyar fata har ciwon ya fashe.

Ya ce, "Me za ka buga?"

Barmo ya ce, "Kiɗan da ake bugawa sau ɗaya a zamanin kowane sarki, ranar mutuwarsa. A Gumbara in sarki ya mutu, duk ɗan sarkin da ya riga shiga fada ya zauna a kan karaga, shi ne sarki. Na-Allah yana da 'ya'ya uku a fadamar nan, kowanne da rundunarsa, kuma ba wanda ke ƙaunar ɗan'uwansa."

Ya ɗaga hannu ya saki. Bugu uku masu nauyi, shiru, bugu ɗaya. Bugu uku, shiru, bugu ɗaya. Nomau ya ji ƙarar a cikin haƙarƙarinsa. Duwatsu suka karɓa suka watsa ta cikin fadama, ba mai iya cewa ga inda take fitowa. Jini na bin makaɗin yana ɗiga a kan fata, Barmo bai tsaya ba.

Can sai tambarin Gumbara na ainihi ya yi shiru a sansani. Jim kaɗan tambarin ya sake tashi, bugu uku, shiru, bugu ɗaya. Mai buga shi ya gane hannun maigidansa, ya amsa.

Daga inda yake Nomau ya ga abin da bai taɓa zaton gani ba. Rundunar dama ta juya, babban ɗan sarki a gaba yana dukan doki. Ta hagu ta ga haka ta bi, ta tsakiya ta zubar da kwari da baka ta rufa musu baya. Mutanen da nasara ke tafin hannunsu suka bar ta a cikin laka, suna ture juna a kan hanyar Gumbara. A tsakiyar sansani kuwa ga wani ƙaton mutum da jar alkyabba ya hau kan kaya yana ɗaga taɓaryar ƙarfe yana kururuwa, "Ina da rai! Ku dawo, 'ya'yan banza, ina da rai!" Ba wanda ya waiwaya. Wanda ya ci gari goma sha biyu ya rasa mutum goma sha biyu da za su tsaya masa.

Galadima Tagwai yana kan ganuwa yana kallo. Bai jira izini ba, ya fita da dakaru da 'yan baka, ya zagaye fadama ta kan tudu, kafin la'asar ya shigo da Na-Allah Mai Taɓarya a ɗaure. Daga cikin dawaki ɗari takwas, ɗari uku ne suka fito. Shi kuwa Madawaki, an same shi a cikin ramin da ake haƙar yumɓu, ya tuɓe sulke da layu, ya shafe jikinsa da laka, ya ja gawar wani bawa ya rufa. Waɗanda suka gani sun ce tun kibiyar farko ya diro daga kan doki, dokin ma bai kai ga laka ba.

Washegari aka tara majalisa. Madawaki ya zo da sabuwar riga, ya fara bayani cewa dabara ce ya yi, ya ja hankalin abokan gaba domin Galadima ya samu hanya. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce haka ne. Sarki ya bar shi ya gama, sa'an nan ya ce a shigo da Barmo.

Sarki ya ce, "Sarkin Tambari, ga wanda ya sare maka yatsu a ɗaure a waje. Ga kuma taskata. Faɗi abin da kake so."

Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Shi wancan, ka bar shi da ransa ya ji labarin yadda 'ya'yansa ke yanka juna a kan karagarsa, ya ishe ni. Taska kuwa, ban yi don Kabarga ba, Zaki, ba zan yi maka ƙarya ba. A birnin nan na roƙi ruwa aka ba ni bulala. Mutum ɗaya na yi wa aiki. In akwai lada, nasa ne."

Sarki ya daɗe yana kallon ƙasa, domin maganar ta taɓa har da shi. Da ya ɗago ya ce, "Garuruwa shida na bakin kogi da Gumbara ta ƙwace tun zamanin kakana sun aiko da caffa yau da safe. Suna bukatar hakimi. Na ba da mutum ɗari biyar saboda na saurari mai ƙarar murya, ba zan sake ba. Nomau, daga yau kai ne Sarkin Gabas. Jatau, cire rawanin nan ka ajiye. Je ka jawo dokinka, tunda shi bai ji ciwo ba, ka riƙe wa Sarkin Gabas likkafa ya hau."

Nomau da jiya yake shirin yadda zai yi sallama da Tabawa, ga shi ana naɗa masa rawani na biyu. Fadawan da suka yi masa dariya kwanakin baya suna ta tururuwa, wannan na gyara masa riga, wancan na cewa ai shi tun da can ya san Nomau ba ƙaramin mutum ba ne. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

A ƙofar fada Jatau ya durƙusa, kansa ba rawani, sanƙonsa na ƙyalli a rana, ya kama likkafa da hannu biyu. Maroƙansa goma sha biyu sun riga sun koma bayan Nomau suna neman kirarin da zai dace da shi. Nomau ya sa ƙafa, ya kasa, ya sake sawa, Galadima ya tallafe shi har ya zauna a kan sirdi. Ya ga ƙasa ta yi masa nisa, ya ƙanƙame linzami.

Sa'an nan ya sunkuyo ya ce, yadda kowa zai ji, "Riƙe da kyau, Jatau, ni baƙon hawa ne. In mun isa kuma ka tsaya kusa ka koya mini sauka. An ce duk Kabarga ba wanda ya kai ka sauri."